Kwandon Accar Kaka Nakwam

To, ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a ƙasa. Labarin yau ba na zamanin aljanu ba ne, na zamanin kansiloli ne. A ƙarshensa akwai shari'a, kuma ku za ku yanke ta, don haka wanda ya yi gyangyaɗi kada ya farka ya zo yana mana musu.

An yi wata ƙaramar hukuma da ake kira Kwarin Kanya. Ƙasa ce mai albarka, amma harsuna uku ake yi a cikinta. Hausawa suna cikin gari da kasuwa, Fulani suna rugage, sai Kwalgawa, manoman acca da ke zaune a gindin tsaunuka da bakin rafi. Mazajen Fulani da na Kwalgawa suna jin Hausar ciniki daidai gwargwado, amma matan Kwalgawa da tsofaffinsu, in ka wuce sannu da ina kwana, ka bar su a baya. Ita kuwa hukuma Turanci take yi a takarda, ta yi Hausa a lasifika, shi ke nan a ganinta ta gama aikinta.

Shugaban hukumar a lokacin Tanimu Gwadabe ne, tsohon malamin gona, mutum mai saurin hawa da saurin sauka. Matarsa, Allah ya jiƙanta, Bakwalgiya ce. Da ciwon ajali ya kama ta, abu ɗaya ta roƙe shi, ya kula mata da tsohuwarta. Tsohuwar ita ce Kaka Nakwam, babbar matan ƙauyen Gindin Rafi, wanda ke kwance a kwari, ƙasa da wata tsohuwar madatsar ruwa ta ƙasa. Tanimu bai taɓa wasa da wannan amana ba. Amma abin kunya, shekara da shekaru yana surukin Kwalgawa, abin da ya iya a yarensu bai wuce gaisuwa ba, ita ma in ya yi sai yara su ruga bayan rumbu su sheƙe da dariya.

Wata shekara aka zo rigakafin ƙyanda. Motar lasifika ta zaga ƙauyuka tana ta kwarmato. Ranar allura ma'aikatan lafiya suka shimfiɗa kayansu a Gindin Rafi, suka zauna har rana ta karkata, matan da suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba. Ran Tanimu ya ɓaci ƙwarai, don ƙauyen surukarsa ne ya kwance masa zani a kasuwa. Ya aika a tambaye ta dalili. Ɗan aike ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ta yi a gaya wa mijin 'yarta sun ji motar sarai. Amma a wurinsu wanda ya tsaya a bakin hanya yana ihu daga cikin ƙarfe, mai tallan maganin basir ne. Mai magana ta gaskiya saukowa yake yi, ya zauna, ya sha ruwa."

Kai, Tanimu ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. Ashe duk shelar da gwamnatinsa ke yi, a kunnen tsohuwa shi da mai tallan magani ɗaya suke. Ya yi faɗa, ya yi bambami, da ya huce sai ya ga gaskiyarta. Nan ya kira mutum uku ya ce su zauna su fito masa da tsari, da wane harshe hukuma za ta riƙa magana da jama'arta, kuma ta wace hanya.

Na farko shi ne Akawu Lawandi, akawun majalisar kansiloli, Bahaushen cikin gari. Duk Kwarin Kanya ba wanda ya kai shi Turanci, kuma ya san haka, don in yana karanta bayanin zama har lumshe ido yake yi. Na biyu Siddiki, malamin dabbobi, Bafulatani ne mai sanyin magana wanda babur ɗinsa ya san kowace ruga. Ta uku Malama Rifkatu, Bakwalgiya, tsohuwar shugabar firamare da ta yi ritaya, mace ce gajeriya mai kaifin baki, wadda rabin kansilolin nan ta taɓa ja musu kunne a aji.

Kada ku ɗauka zaman lafiya suka yi. Ina! Faɗa suka yi ta yi kamar kaji a akurki. Lawandi ya ce a tsaya a kan Hausa kawai, ita ce kowa ke ɗan taɓawa. Rifkatu ta ce masa wanda ke ɗan taɓa harshe a kasuwa ba ya ba da ɗansa a soka masa allura da wannan harshen. Siddiki ya bar su suka gaji, sannan ya ce su duka biyun maganar yadda hukuma za ta yi magana suke yi, ba wanda ya tambayi yadda za ta ji. Sau da yawa Tanimu yakan jiyo hayaniyarsu daga ofishinsa, ya dafe kai ya ce shi ya jawo wa kansa.

A ƙarshe kowa ya kafe a kan abu ɗaya, kuma ya ci nasara a kansa. Lawandi, wanda Turanci ne rawaninsa, shi ya tuɓe shi da hannunsa. Ya ce ya gaji da zaman da mutum biyu ke magana sauran suna ɗaga hannu ba su san abin da suka yarda da shi ba. Ya tsara doka cewa majalisa za ta riƙa zama da Hausa, kuma duk wanda aka kira gabanta yana da ikon magana da harshen gidansu a fassara masa. Ya yi ta jeka-ka-dawo zuwa babban birnin jiha, ana ce masa ya dawo gobe, har aka gaji da ganin fuskarsa aka sa hannu. Siddiki ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawar sakatariya kowace ranar kasuwa, da mai jin kowane yare a zaune, kowa ya zo ya faɗi damuwarsa ba a ce ya rubuto ba. Ya bi rugage da ƙafarsa yana rantsuwa cewa ba wanda zai yi musu dariya. Rifkatu kuwa ta sa aka rubuta cewa saƙon hukuma mai nauyi da baki za a kai shi, da yaren masu shi, kuma bisa al'adarsu ta karɓar saƙo. Ita ta zaɓo masu kai saƙon a kowace mazaɓa, ta koya musu aikin.

Mutanen gari suka yi ta tsegumi. Wasu suka ce ɓata lokaci ne, wasu suka ce Tanimu na neman faranta wa surukansa ne kawai. Haka aka yi ta tafiya har damina ta yi tsakiya, shekarar kuwa an sha ruwa ba na wasa ba.

Wata ranar kasuwa da safe, Siddiki na zaune a gindin ɗorawa, sai ga wani dattijon makiyayi, Bappa Gidado, ya doso yana dogara sanda. Mutumin nan tun yana da ƙarfinsa ya taɓa kawo ƙara sakatariya, samarin ofis suka kwaikwayi Hausarsa, ya juya bai sake taka wurin ba. Ya zauna a gefen tabarma, suka shiga gaisuwa da Fillanci. Aka gaida gida, aka gaida shanu, aka gaida ruwan sama, aka koma kan tsadar kanwa. Masu jiran layi suka fara tsaki. Wani ma'aikaci ya raɗa wa Siddiki ya sallami tsohon nan, ba abin da ya kawo shi sai hira. Siddiki bai kula shi ba, don ya san irin wannan dattijo ba ya ɗora wa mutum magana mai nauyi a ka tun daga sallama.

Sai da Bappa Gidado ya miƙe ya saɓa sandarsa zai tafi, sannan ya waiwayo ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Af, ban sani ba ko yana da amfani. Inda nake bi da shanu a gindin madatsa, a da ƙasa ce busasshiya, yanzu ƙafar saniya nutsewa take yi. Ruwa na tsattsafowa daga jikin ginin, kuma ja ne, da ƙasa a cikinsa. Jiya kamar bakin tulu, yau da asuba ya fi ƙarfin haka."

Siddiki ya riƙo hannun dattijon, bai sake shi ba sai a gaban Tanimu. Da aka fassara masa, Tanimu ya gane hatsarin nan take. Shi malamin gona ne, ya san in madatsar ƙasa ta fara fitar da jan ruwa, cikinta ne ke zaizayewa. Ba abin da ya faɗo masa a rai sai Kaka Nakwam, da ɗakinta na jinka a can ƙasan kwari, da alkawarin da ya yi wa matarsa. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

Amma shugaba ba ya kwashe ƙauye guda da bakinsa shi kaɗai. Fitar da manyan motocin hukuma da samo wa mutane masauki sai da yardar majalisa. Aka tara kansiloli cikin gaggawa, kuma da yake da Hausa ake zaman, kowa ya buɗe baki. 'Yan adawa suka ce a jira injiniya ya zo daga birni ya rubuto rahoto, ba za a tayar da jama'a tsakiyar damina a kan maganar makiyayi ba. Wani ya ce ai an san dalilin zafin shugaba, ƙauyen surukai ne. Tanimu ya zabura zai yi ɓaranɓarama, da ya yi kuwa da zaman ya watse a nan.

Lawandi ne ya miƙe. Ya ce dokar da su da kansu suka amince da ita ta ba majalisa damar jin mai shaida da harshensa, kuma mai shaidar yana bakin ƙofa. Aka yi ta hayaniya, ya tsaya ƙyam ya ƙi zama, ya ce in sun ƙi jin sa, zai rubuta sunan kowa da abin da ya faɗa. Aka shigo da Bappa Gidado zauren da bai taɓa mafarkin shiga ba. Kansiloli suka yi masa tambayoyi da bakinsu, Siddiki na fassarawa, yana ba su amsa ɗaya bayan ɗaya ba ƙari ba ragi. Sai kansilan Kan Tudu, wanda a zamanin Turanci ba a taɓa jin muryarsa ba, kuma mutanensa suna da tsohuwar rigimar gona da Gindin Rafi, ya gyara murya ya ce, "Rigimar gona daban, rai daban. Makarantarmu a kan tudu take, zaurukanmu ma a buɗe suke. A kawo su." Kafin azahar an amince, motoci sun kama hanya.

Saura babban aikin. Tanimu ya ce a ɗora lasifika a kan mota, ba lokacin tsayawa gaisuwa. Rifkatu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, har yanzu ba ka gaji da tallan magani ba? In kana son surukarka ta kwana da rai, ka biyo ni, kuma ka rufe bakinka."

Suka bar motoci a bayan gari, suka shiga da ƙafa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas. A al'adar Kwalgawa suruki ba ya shiga tsakar gidan uwar matarsa, don haka Tanimu, shugaban ƙaramar hukuma guda, ya tsaya a bayan danga yana leƙe ta tsakanin kara. Ya ga Rifkatu ta tuɓe takalmi a wurin dutsen niƙa, ta durƙusa, an kawo mata ruwa a ƙwarya ta sha. Ya ga ta ja kwando tana taya tsohuwa tsince wake. Wake, jama'a! Shi yana nan tsaye a bayan danga, ita tana tsintar wake. Sau biyu ya ɗaga ƙafa zai kutsa ciki, sau biyu ya mayar da ita. Ya san in ya karya musu al'ada, tsohuwa za ta juya masa baya, kuma in ba ta tashi ba, ba macen da za ta tashi, in mata ba su tashi ba, mazan ma ba inda za su.

Sai da Kaka Nakwam ta tambayi abin da ke tafe da ita, sannan Rifkatu ta faɗa mata da Kwalganci, a hankali, ba ta ɓoye kome ba. Tsohuwa ta tambayi wa ya gani da idonsa. Da ta ji sunan Gidado, sai ta ajiye waken. Ta ce, "Wanda ke kawo shanu karan gonata bayan girbi? Mutumin da zai yini a wuri bai ce uffan ba? In har shi ya taka zuwa gidan gwamnati ya buɗe baki, to maganar ta kai." Ta sake tambaya ina za su sauka, kuma wa zai taɓa irin shuka, don a wurinsu irin da ke rumbu na mata ne, hannun namiji ba ya ɗaukarsa. Rifkatu ta ce mutanen Kan Tudu sun buɗe ƙofa, direbobi kuwa ta riga ta gargaɗe su, wanda ya taɓa rumbu zai gamu da ita.

Tsohuwa ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki taɓarya ta bugi turmi da wani irin bugu da Tanimu bai taɓa ji ba. Gidan kusa ya amsa, na gaba ya amsa, kafin ka ce me ƙauyen duka ya ɗauka. Mata suka fito da tulunan iri a ka da goyo a baya, maza suka koro awaki, aka ɗora tsofaffi da marasa lafiya a mota. Ruwa ya tsuge suna kan hanya. Kaka Nakwam ta ƙi hawa mota sai da ta ga gida na ƙarshe ya fita.

Da la'asar sakaliya suna farfajiyar makarantar Kan Tudu suka ji wata ƙara daga wajen madatsa. Suka tsaya cirko-cirko suna kallo ruwa ya shafe Gindin Rafi, ɗakuna suna narkewa kamar an jiƙa fura. Mata suka yi ta kuka. Amma da aka bi gida-gida ana kiran suna, ba wanda ya ɓace, ko jariri ɗaya. Tanimu ya hango surukarsa zaune a barandar aji, jiƙe sharkaf, rungume da tulun irinta. Ya zagaya bayan makaranta inda ba mai ganinsa, ya yi kuka ya ƙoshi.

Allah da ikonsa, ƙarshen abin ya yi kyau. Mutanen Kan Tudu suka ara musu gonaki, acca kuwa ba ta da jinkiri, suka shuka irin da suka tsira da shi, ta yi kyau. Tabarmin gindin ɗorawa suka daina isa saboda yawan jama'a, sai da aka ƙaro. Masu tsegumin nan suka koma cewa ai su tun farko sun san tsarin zai yi amfani. Ƙananan hukumomin maƙwabta suka fara aiko da mutane su ga yadda ake yi.

Bayan girbi, wata safiya, sai ga matan Gindin Rafi a ƙofar sakatariya, Kaka Nakwam a gaba, wata budurwa ɗauke da kwandon acca an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Suka yi bayani cewa a al'adarsu, in aka tsamo mutane daga bakin mutuwa, kwandon farko na sabon amfani na wanda ya cece su ne. Ba a raba shi, ba a ba mutum biyu, ba a kuma mayar da shi gida. Tsohuwa ta juya wa Tanimu gefe, kamar yadda ya kamata tsakanin surukai, ta ce a gaya masa shi ya san mutanensa, ya miƙa wa mai shi. Ta ƙara da cewa kada ya sa rai, shi ba ya ciki, don ɗa ba ya karɓar lada a kan uwarsa. Ta ce Gidado ma sun riga sun kai masa, ya ƙi karɓa, ya ce shi abin da ya gani kawai ya faɗa, kuma da ba a shimfiɗa masa tabarma ba da ya yi shiru da bakinsa.

Tanimu ya kira mutanen nan uku, ya ajiye kwando a tsakiyarsu. Da farko kowa ya yi kawaici yana tura wa ɗan'uwansa, amma magoya bayansu ba su da wannan kunyar. Fulani suka ce Siddiki ne, don da bai buɗe wa hukuma kunne ba, da bai yi haƙurin jiran maganar ban kwana ba, da ba wanda ya san madatsa na zubewa, sai dai a ji labari bayan ruwa ya wuce. Mutanen gari suka ce Lawandi ne, don da bai sauke Turancinsa ba, da bai tsaya ƙyam a zauren nan ba, da labarin ya zo ya mutu a bakin ƙofar majalisa ana jiran rahoto, ba mota ba masauki. Kwalgawa suka ce Rifkatu ce, don labari ya zo, motoci sun fita, amma da ba ta tuɓe takalmi ta tsinci waken nan ba, da motocin sun dawo wayam, mutane suna cikin ɗakunansu ruwa ya same su.

Tanimu ya dubi wannan ya dubi wancan. Ga tsohuwa a zaune a gindin ɗorawa, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga hannun da ya ɗauki kwandon. Ransa fes yake don tana raye, amma kansa ya kulle.

To, ga ku ga shari'a, kuma ban yarda wani ya ce mini a raba ba, kun ji dai al'adar masu kwando. Wanda ya sa hukuma ta ji, da wanda ya sa ta yanke shawara, da wadda ta sa aka yarda da maganarta, wane ne a cikinsu Tanimu zai miƙa wa accar Kaka Nakwam?